Annecy: Garin da Ruwansa ya fi Giyarsa Daraja

A shafinmu na tafiye-tafiye na wannan fitowa za mu nufi kudu maso gabashin ƙasar Faransa, can gindin tsaunukan Alpes, inda wani gari mai suna Annecy, da ake furtawa Ansi, yake zaune a bakin tafki. Dalilin zaɓensa shi ne, da yawa daga cikin ƴan uwanmu da karatu ko aiki ko halartar taro ke kaiwa Janeba ko Lyon ko Grenoble, ba sa rasa wanda zai gayyace su zuwa wannan gari a ranar hutu. Takardun tallan wurin kuwa abu uku suke nunawa: tafki mai ruwa garai-garai, tsaunuka masu rawanin ƙanƙara, da kofin giyar inabi a gefen tukunyar cuku. Wannan hoto na uku shi ke sa magidanci Musulmi ya tsaya yana tambayar kansa ko akwai abin da zai kai shi can da iyalinsa.

Amsarmu ita ce akwai, kuma da yawa, muddin mutum ya san abin da ake zuba masa a kwano. Domin kuwa abin da garin ya fi tinƙaho da shi, wanda mutanensa suka yi shekaru suna wahala a kansa, ruwa ne, kuma ruwa na kowa ne.

Garin da tafkinsa

Annecy shi ne babban birnin gundumar Haute-Savoie, kimanin kilomita 40 kudu da Janeba ta ƙasar Suwizalan. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana zuwa daga Faris cikin abin da bai wuce awa 4 ba, kuma tun watan Disamba na 2019 akwai jirgin Léman Express da ke haɗa shi da Janeba. A 2017 aka haɗe garin da wasu ƙananan hukumomi 5 na kewayensa, yawan mazaunansa ya kai kimanin 130,000.

Yankin Savoie bai daɗe ƙwarai cikin Faransa ba. A 1860 ya shiga, bayan ƙarnuka a hannun gidan sarautar da daga baya ya mulki Italiya. A wannan shekara ce sarki Napoléon na III ya kawo ziyara, aka tarbe shi da jiragen ruwa masu fitilu a kan tafkin. Daga nan aka samo asalin bikin tafki, wanda bisa al'ada ake yi da wasan wuta a Asabar ta farko ta watan Agusta.

Tafkin kansa tsawonsa ya ɗan haura kilomita 14, faɗin shimfiɗarsa murabba'in kilomita 27, wurin da ya fi zurfi kuma mita 82. Narkewar ƙanƙara ce ta bar shi a nan, kimanin shekaru 18,000 da suka wuce. Ruwansa yana fita ta wani ɗan gajeren kogi mai suna Thiou, mai tsawon kilomita 3 da rabi, wanda ya ratsa tsohon gari ya rarraba shi lungu-lungu da gadoji. A tsakiyar kogin akwai wani ginin dutse mai kama da goshin jirgin ruwa, Palais de l'Île, wanda harsashinsa ke komawa ƙarni na 12. An yi kurkuku da shi, an yi kotu, an kuma buga kuɗi a cikinsa. Yau gidan tarihi ne, kuma da wuya baƙo ya bar garin bai ɗauki hotonsa ba.

Yadda aka ceci ruwan

Wanda ya tsaya bisa gada ya hangi tsakuwar ƙarƙashin ruwa tar-tar, sai ya ɗauka haka tafkin yake tun fil azal. Ba haka ba ne. A shekarun 1940 da 1950 tafkin nan ya kama hanyar mutuwa. Kwatamin gidaje da na otal-otal da na masana'antu duk cikinsa suke kwarara. Ƙazanta taki ce ga gansakuka. Idan gansakuka ta yi yawa ta mutu, sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar kuma ta shanye iskar da kifi ke shaƙa a can ƙasa. Daɗin daɗawa, ruwan da ya shiga tafkin yakan yi kusan shekaru 4 kafin ya fita, saboda haka duk abin da aka zuba yana nan zaune. Kifin da ake kira omble chevalier, mai son ruwa mai sanyi da zurfi, shi ya fara ja da baya, masunta kuma suka fara kokawa.

Wani likita ɗan garin mai suna Paul-Louis Servettaz ya tashi haiƙan yana faɗakar da jama'a da hukumomi, bai gaji ba har maganarsa ta shiga kunnen magajin garin wancan lokaci, Charles Bosson. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tsabtace gaɓa ɗaya aikin banza ne idan ƙauyen tsallake yana ci gaba da zuba tasa ƙazantar, sai a 1957 ƙananan hukumomi 8 suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda a yau aka sani da SILA. Dabararsu ba ta da wuyar fahimta, sai dai wuyar aikatawa: a kewaye tafkin baki ɗaya da babban bututu, kowane gida da kowane otal ya haɗa kwataminsa da shi, a kai ƙazantar ma'aikatar tacewa a Cran-Gevrier, can ƙasa da tafkin, ta yadda ko ɗigo ba zai koma ciki ba. Aikin ya ci kusan shekaru 20, da kuɗin harajin mutanen da wasunsu ba su rayu sun ga ƙarshensa ba.

Sakamakon shi ne abin da ake gani yau. Ana lissafa tafkin cikin mafiya tsabta a nahiyar Turai, kuma daga cikinsa ake jan mafi yawan ruwan da garin ke sha. Amma kulawa ba ta ƙare ba. A kakar 2018 fari ya sa ruwan ya janye har ya kai matsayin da ba a gani ba tun 1947, mutane suka riƙa yawo da ƙafa a inda jiragen ruwa ke wucewa. Ciyayin bakin ruwa masu kama da kyauro, inda kifi ke ƙwai tsuntsaye ke sheƙa, sun ragu ƙwarai a ƙarni na 20, ana kuma ta ƙoƙarin farfaɗo da su. Tun 1974 aka keɓe kuryar kudancin tafkin, Bout du Lac, a matsayin wurin da ba a taɓawa.

Mu da muke zaune a bakin koguna da tafkuna da gulabe, muna kuma ganin inda leda da ruwan kwata ke ƙarewa, wannan labari ya isa abin tunani. Likita ɗaya ne ya ƙi yin shiru, hukumomi 8 kuma suka yarda su zuba kuɗi a tukunya ɗaya.

Wasanni a ƙasa da ruwa da sama

Abin da ya fi sauƙi ga iyali shi ne keke. Akwai hanyar kekuna da ta zagaye tafkin, kimanin kilomita 40, kuma ɓangarenta na yamma an shimfiɗa shi ne a kan tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ke zuwa Albertville, saboda haka babu hawa babu gangara, yaro ɗan shekara 8 ma zai iya. Gefen gabas, wajen Talloires, yana da hawa mai sa gumi. Masu bin tseren keke za su tuna a watan Yuli na 2009 gasar Tour de France ta zagaye wannan tafki a tseren ɗaiɗai da agogo, Alberto Contador ya yi nasara. Ana samun hayar keke ta awa ko ta yini, har da masu lantarki. A nemi hular kwano, wadda doka ta wajabta wa yara ƴan ƙasa da shekara 12.

A kan ruwa akwai kwale-kwale, da ƙananan jiragen da ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, da manyan jiragen da ke yawo da fasinja daga ƙauye zuwa ƙauye. Da zafi ɗumin ruwan yakan kai digiri 22 zuwa 24. Sai dai wanda bai iya iyo ba kada ya yarda ya hau komai ba tare da rigar ceto ba, domin a wasu wurare taku kaɗan ne tsakanin ruwa iya gwiwa da zurfin da ya fi ƙarfin mutum. Akwai kuma wani ƙaiƙayi da mutanen wurin ke kira ƙumar agwagwa, wanda wata ƙwayar halitta ƴar uwar mai haddasa tsargiya ke kawowa. Ita wannan a fata take mutuwa, ba ta shiga jini, amma takan hana yaro barci. Maganinta a yi wanka da ruwan famfo da zarar an fito, a goge jiki sosai da tawul. Iyalin da ke son kauce wa cunkoso da shigar masu wankan rana, su fita da sassafe, ko su ɗauki jirgi su nisanci gaɓa.

Ga masu hawan dutse, tsaunin Semnoz mai mita 1,699 mota na kaiwa kusan ƙololuwarsa, kuma idan gari ya yi wasai ana hango Mont Blanc daga can. Da sanyi nan ne ƴan makarantar garin ke koyon zamiya a kan ƙanƙara. La Tournette kuwa, mai mita 2,351, ya fi Idoukal-n-Taghès na duwatsun Bagzan tsawo da fiye da mita 300, kuma kusa da samansa sai an kama sarƙa an taka tsani. Wannan ba wurin zuwa da yara ko da takalmin silifa ba ne. Yanayin tsauni yana juyawa cikin rabin awa. A duba hasashen yanayi, a tashi da wuri, a riƙe lambar neman agaji, 112.

Amma wasan da ya fi fito da sunan Annecy shi ne shawagi da laima, wanda Faransawa ke kira parapente. A wannan gunduma aka haife shi, a ƙauyen Mieussy, a 1978, lokacin da wasu masu dirowa daga jirgin sama suka gwada tashi daga gangaren dutse da ƙafafunsu. Yau daga mashigar Forclaz, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,150, laimomi masu launi-launi ke tashi su sauka a filin Doussard. Sirrin abin shi ne iskar ɗumi: rana ta gasa jikin dutse, iskar da ke kansa ta yi sama, matuƙi ya shiga cikinta yana kewaye kamar yadda shirwa ke yi a samaniyar kasuwa ba tare da kaɗa fiffike ba. Baƙo ba ya tashi shi kaɗai. Ana ɗaure shi ne a gaban ƙwararren matuƙi mai takardar shaida. Kuɗin yakan kai wajen euro 100, wato sefa 65,000 da ɗoriya. Idan matuƙi ya ce iskar yau ba ta da kyau, a bi maganarsa ko da an riga an biya.

Maganar giyar inabi

Yankin Savoie yana da gonakin inabi, amma kaɗan ne idan aka gwada da na Bordeaux, kimanin hekta 2,000 ne, kuma a 1973 giyarsu ta samu tambarin asali na hukuma. Mafi yawanta fara ce, daga nau'o'in inabi irin su Jacquère da Altesse, ja kuma daga Mondeuse. Yawancin gonakin ma ba a bakin tafkin Annecy suke ba, suna can kudu wajen Chambéry. Na Apremont da Abymes an dasa su ne a kan ɓaraguzan tsaunin Granier, wanda ya rufto a 1248 ya binne ƙauyuka da mutanensu. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan haɗa ziyarar waɗannan gonaki da abin da suke kira dégustation, wato ɗanɗanawa, saboda haka a karanta takardar shirin da kyau kafin a biya.

Hukuncin giya a wurinmu sananne ne, ba sai mun tsawaita ba. Abin da ke damun baƙo shi ne kunya, kada a ce ya ƙi karimcin mai masauki. To, a kwantar da hankali. A garin da ya cika da ƴan tsere da mahaya keke da direbobi, cewa ba ka sha ba abin mamaki ba ne. Ana samun ruwan tuffa na gonakin Savoie, da ruwan na'ana'a mai sanyi da ake kira diabolo menthe, da ruwan Évian wanda daga wannan gunduma yake fitowa. Bugu da ƙari, duk gidan abinci a Faransa wajibi ne ya ba mai cin abinci tulun ruwan famfo kyauta idan ya nema, kuma a Annecy wannan ruwa ɗan tafki ne.

Giyar da ke cikin kofi ana ganinta, ana iya cewa a'a. Wadda ta fi wuya ita ce wadda ke ɓoye a cikin tukunya.

Abin da ke cikin tukunya

Abincin Savoie abincin makiyayan tsauni ne: cuku da dankalin turawa da nama mai gishiri, abin da zai riƙe mutum a watannin ƙanƙara. Sarkin cukunsu shi ne reblochon na kwarin Thônes, mai laushi kamar man shanu, wanda ya sha bamban da busasshen cukun da muka sani. Sunansa yana nufin sake tatsa. Tarihin yankin ya nuna cewa tun ƙarni na 13 masu filayen kiwo ke karɓar haya gwargwadon madarar da aka auna, sai makiyaya su rage tatsa a gaban mai awo, idan ya juya baya su ƙarasa. Wannan madara ta biyu mai kauri da maiƙo ita suke yin cukunsu da ita a asirce. A 1958 ya samu tambarin hukuma. Mai ɗan hatimi kore a jiki a gona aka yi shi, mai ja kuma a ma'aikata.

Inda gizo ke saƙar shi ne abincin da ake yi da cukun. Tartiflette, wadda kowane gidan abinci ke tallatawa, dankali ne da albasa da reblochon, amma da yankakken kitsen alade da ake kira lardons, sau da yawa har da farar giya. Fondue, tukunyar narkakken cuku da ake tsoma burodi a ciki, da farar giya ake dama ta, wani lokaci a ƙara barasar kirsch. Kada kuma a ruɗu da zancen cewa wuta tana ƙone barasa. Dahuwa tana rage ta ne kawai, ba ta kawar da ita duka. Diots tsiren hanji ne na alade da ake dafawa cikin giya. Raclette ita ce mai sauƙi, domin cuku da dankali daban suke zuwa, farantin nama daban, wanda suke kira charcuterie, kuma kusan duk alade ne. Ana iya cewa a bar shi. Hatta alewa sai an lura: cakulan ɗin da garin ya shahara da shi, roseaux du lac, barasa ce a cikinsa, haka ma duk abin da aka rubuta génépi ko liqueur a jikinsa.

Abu biyu kuma ya kamata a sani. Na farko, rubutun sans porc yana nufin babu alade ne kurum, ba ya nufin an yanka dabbar bisa shari'a. Na biyu, yawancin cukun gargajiya ana ɗaure shi ne da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi, présure, kuma malamai sun yi saɓani a kansa idan ba a san yadda aka yanka maraƙin ba. Mai son natsuwa ya tambayi malaminsa tun kafin ya yi haramar tafiya.

To me ya rage? Kifin da aka ceto tare da tafkin. Akwai féra mai farin nama, da omble chevalier, da perche da ake soyawa ƙanana-ƙanana. A nemi gasasshe ko soyayye da man shanu da lemun tsami, a kuma tambaya ko akwai giya a romon da ake zubawa a kai. Akwai crozets, ƴar taliya mai kusurwa huɗu, idan an dafa ta ba naman alade. Akwai gâteau de Savoie, wanda ƙwai ne da sukari da gari. Kasuwar tsohon gari tana ci safiyar Talata da Juma'a da Lahadi, cike da zuma da tuffa da burodi da ganyaye. Iyalin da suka kama masauki mai ɗakin girki, suka yi cefane a nan, suka sayi nama wurin mahautan halal da ke garin, sun huta da tambaya kuma sun rage kashe kuɗi. Wanda kuma ya zauna gidan abinci, kada ya ji nauyin tambayar mai kawo abinci abin da ke ciki. Sun saba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Lokaci da guzuri

Watannin Yuli da Agusta su ne na cunkoso da tsada. A Yuni ma akwai mako guda da masauki ke wuya, saboda bikin finafinan zane na duniya da ake yi a garin tun 1960. Ƙarshen Mayu ko watan Satumba sun fi dacewa da iyali: hanya a buɗe, iska da daɗi, farashi da dama-dama.

A lura da lokutan salla, domin sun sha bamban da namu. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 6 na safe, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 da rabi na dare, saboda haka isha'i takan kai can cikin dare, asuba kuma ta zo da wuri ƙwarai. Alƙibla tana kudu maso gabas. Akwai masallatai a garin da kewayensa, domin Musulmi daga arewacin Afirka da Turkiyya sun daɗe da zama a yankin, tun zamanin da masana'antu ke neman ma'aikata. Mai hawan dutse ya sa ƴar darduma a jakarsa, da rigar sanyi ko da rani ne.

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Wanda ya je Annecy zai komo da hotuna da gajiyar ƙafa, wataƙila da labarin yadda ya yi shawagi kamar shirwa. Muna fatan zai haɗo da tambaya guda ga magajin garinsu da maƙwabtansa: ruwan da muke sha, ina kwataminmu ke zuba? Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya kuma ciyar da mu halal a gida da daji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.